Takardar daimon da ake miƙo mana a kasuwar Jidda, wacce za a yarda da ita?

Mutanenmu a harkar gwal ba a yi musu wayo da sauƙi, wannan ko masu shagunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, sun sani. Hajiya zata shigo ta ɗaga sarƙa ta duba hatimi, 875 ne ko 750, wato gwal mai iyar 21 ne ko mai 18 a ma'aunin kyansa, ta sa a ɗora kan sikeli a gabanta, ta riga ta san nawa gram ya kwana yau, abinda ya rage sai rigimar masana'iyya, wato kuɗin aikin ƙira, kuma a nan zata yi ta ja har mai shago ya gaji ya ce halas ɗauki. Amma wannan Hajiyar dai, ranar da ta ce daimon take so, na zoben amarya ko saitin lefe ko nata na sawa, sai kaga duk kaifin nan ya tafi. Mai shago ya ja durowa ya zaro wata takarda mai sheƙi da Turanci da hatimi ruwan gwal ya ce "fi shahada ya Hajja", wato akwai takardar shaida, shikenan magana ta ƙare ta buɗe jaka. Abin nan yana ci mini rai wallahi, dan kuɗin da ake zubawa ba ƙanana bane, wata gumin shekaru ne na aikatau a gidajen Larabawa, wata kuma amanar mutane ce aka tattaro mata daga Kano ko Damagaram aka ce ta sayo.

Ni a warsha nake aiki nan cikin Balad, matse zobe ko buɗa shi, ɗaure dutsen da ya fara girgiɗi, wanki da goge kaya. Toh kayan da aka saya da murna ta ƙofar gaba wurinmu suke biyowa daga baya, mu muke cire dutse daga mazauninsa mu ganshi shi kaɗai ba ƙarfe a jikinsa. Shi yasa nake so in yi bayanin nan yanda 'yan uwa zasu gane, tunda yanzu Umara bata yankewa kusan duk shekara kuma duk wanda ya sauka sai ya leƙa kasuwa.

Abu huɗu ne ke yanke kuɗin daimon, nauyi da kala da tsafta da yanka. A cikin huɗun nan nauyi ne kawai sikeli ke faɗa ba gardama. Karat ɗaya gram 0.2 ne, yani karat biyar ke yin gram ɗaya, kuma ana raba karat gida 100 shi yasa zaki ga an rubuta 0.50 ko 0.97. Kala kuwa haruffa ne daga D har Z, D shine wanda ba ko ɗigon rawaya a cikinsa, D da E da F su ne farare tas, G zuwa J kusan farare, daga K ido ya fara ganin rawaya-rawaya. Tsafta mataki 11 ce, FL da IF a sama, sai VVS1, VVS2, VS1, VS2, SI1, SI2, sannan I1 zuwa I3 waɗanda tabonsu ko ba gilashi ana iya gani, kuma dukansu da adasa, gilashi mai ƙara girma sau 10, ake yanke hukuncin. Yanda ake gwada kalar ma, kifa dutsen ake yi a kan farin abu ƙarƙashin fitila ta musamman, a jera shi da wasu duwatsun ma'auni da aka riga aka san kalarsu, ma'aikaci ya zuba ido ya ce wannan tsakanin G da H yake amma ya fi kusa da H. Kinga kenan ɗan Adam ne ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Mutum biyu masu gaskiya da ƙwarewa zasu iya saɓawa da mataki ɗaya, kuma 'yan kasuwar daimon a ko'ina sun yarda da wannan, ba a ce wa kowa maci amana a kansa. Inda ɓarnar take shine mataki uku ko huɗu.

Kuma kowane mataki kuɗi ne. Akwai jadawalin farashi da kamfanin Rapaport na Amurka ke fitarwa tun 1978, dillalai daga Antwerp har Mumbai har nan Jidda da shi suke fara lissafi, haruffan kala a gefe matakan tsafta a sama, kowane gida da nasa kuɗin a kan karat. In takarda ta ɗaga dutse gida biyu a kala gida biyu a tsafta, an ƙara masa dubban riyal ba tare da an taɓa shi ba. Ga kuma tsallen da farashi ke yi a kan iyakar nauyi, dutse mai 1.00 ya fi mai 0.97 tsada sosai a kan kowane karat alhali ido ba zai taɓa bambance su ba, shi yasa wasu masu yanka suke barin ƙugun dutse, wato gefen da ya zagaye shi, da kauri ko gindinsa da zurfi dan kawai ya cika 1.00, ya yi nauyi amma fuskarsa ƙarama kuma ƙyallinsa ya ragu.

Toh tambaya ta farko in an miƙo miki takarda, wa ya rubuta ta. Wadda duniya ta fi yarda da ita ta GIA ce, cibiya ce a Amurka da Robert Shipley ya kafa a 1931, hedikwatarta na Carlsbad a jihar Kalifoniya, ba ta neman riba bace kuma bata sayar da daimon, su ne ma suka fito da tsarin D zuwa Z ɗin a 1953 wanda kowa ke aro yanzu. Tsarinsu shine ma'aikacin da ke duba dutse bai san na waye ba, kuma ba mutum ɗaya ke dubawa ba. Sai IGI da aka kafa a Antwerp ta Beljiyam a 1975, su zaki fi gani a shagunan nan musamman a kan kayan da aka riga aka ƙera da kuma daimon ɗin lab, wato wanda inji ya yi ba wanda aka haƙo daga ƙasa ba, kamfanin Blackstone ya saye su a 2023 kuma a ƙarshen 2024 suka shiga kasuwar hannun jari ta Indiya. Akwai HRD ita ma ta Antwerp. Waɗannan ukun sanannu ne, suna da shafin da za a duba lamba, suna da sunan da suke tsoron ɓatawa. Duk da haka in kika ajiye wa dillali duwatsu biyu masu haruffa iri ɗaya, ɗaya da takardar GIA ɗaya da ta wani wuri, zaki ga na GIA ya fi sa wa kuɗi, wannan kaɗai ya isa ya nuna miki inda su masu sana'ar suka ajiye yardarsu.

Abinda mutane basu lura da shi ba, mai dutse ne ke biyan lab, wato wurin da ke duba dutse ya rubuta takarda, kuɗin gwaji, ba mai saye ba. Mai dutse kuwa babban harafi yake so. In lab ɗaya ya ce J wani ya ce G, gobe wurin mai cewa G zai kai kayansa, sai sassauci ya zama hanyar samun kwastoma. Ba zato nake ba, ya faru a fili. Akwai wani lab mai suna EGL da rassansa suka yi ƙaurin suna wurin ɗaga daraja, har suna rubuta SI3, matakin da babu shi sam a tsarin GIA, dutsen da ya kamata a ce I1 sai a sa masa wannan dan ya shiga sahun SI. Abin ya kai RapNet, babbar kasuwar dillalan daimon ta intanet, ta daina karɓar duk wata takardar EGL daga 1 ga Oktoba 2014. Amma duwatsun da aka sayar da waɗancan takardun ai basu ɓace ba, suna nan a akwatunan mutane da durowar shaguna suna zagayawa. Bayan su kuma ga tarin ƙananan kati masu sunaye na harufa uku da aka tsara su yi kama da na manya, wani da hoton duniya wani da hoton kambun sarauta, in kika nemi adireshinsu babu, ko ki tarar shagon da ya sayar ko mai kawo masa kaya shi ya buga abinsa. Takardar da mai sayarwa ya rubuta wa kansa, maganarsa ce dai ya maimaita a rubuce, in kin yarda da shi toh, amma kar ki ɗauka wani na uku ne ya shaida.

Ban ce GIA ɗin ma bata taɓa samun tabo ba, kuma babban tabon nata da ƙasar nan yake da alaƙa. A 2005 wani dillali ya kai ƙara kotu a New York yana cewa an ba da cin hanci a lab ɗin GIA na can dan a ɗaga darajar wasu manyan duwatsu biyu da ya sayar wa wasu 'yan gidan sarautar Saudiyya, da aka sake gwada su a wani wuri sai aka ga basu kai abinda takarda ta ce ba. GIA ta yi bincike ta sallami ma'aikata huɗu, shugaban lab ɗin ya sauka, aka sasanta ƙarar. A 2015 kuma suka soke takardu 1,042 bayan an gano wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na Indiya da ke kula musu da rumbun bayanai sun shiga sun canza kala da tsafta. Ni abinda na ɗauka a nan biyu ne. Masu kuɗin da suka fi mu nesa ba kusa ba takarda ta taɓa rufe musu ido, dan haka Hajiyar da aka yi wa kar ta ga kamar rashin wayonta ne. Sannan wurin da in aka kama ɓarna zai fito ya faɗa ya wallafa lambobin da ya soke kowa ya gani, ya fi mini wurin da ko ƙofar da zaki ƙwanƙwasa babu.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa, takardar nan ta wannan dutsen ce ko ta wani. Kwanaki wata Hajiya daga Shara Mansur ta Makka, sa'ar mahaifiyata ce kuma sun san juna tun da daɗewa, ta kawo mini zoben da ta saya wa 'yarta a matse shi. Ta zaro kati daga cikin jaka a naɗe a leda tana nuna mini da jin daɗi, an rubuta 1.00, G, VS1, sunan lab ɗin ban taɓa ganin wani dillali ya yi ciniki da shi ba. Ina sa adasa na ga baƙin ɗigo zaune a tsakiyar fuskar dutsen da wani farin tsagi a gefe ƙarƙashin farcen da ya riƙe shi, VS1 kuwa sai ka wahala kafin ka samo tabonsa ko da adasa. Na ce Hajiya in kin yarda zan cire dutsen a gabanki in mayar. Ta ce ɗan nan cire mana ai kai namu ne. Na buɗe faratan a hankali na ɗauke shi da hantsaki na goge na ɗora kan ƙaramin sikeli na rufe murfin gilashin dan ko iskar AC tana motsa lambar, ya tsaya a 0.91. Na ninke farar takarda na kifa shi a ciki kusa da wani dutse mai takardar GIA da aka rubuta H, na ce Hajiya matso ki duba ta gefe kar ki duba ta sama. Ta cire tabarau ta mayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce nata ya fi rawaya-rawaya. Ta yi shiru, can ta ce toh ai ga takarda ɗan nan. Na ce Hajiya kala da tsafta a ce ra'ayi ne, amma sikeli fa, ba lab ɗin kirki da zai auna 0.91 ya rubuta 1.00, ko dai takardar ta wani dutse ce ko kuma kintata aka yi yana cikin zobe. Muka duba faturarta, wato rasit ɗin shago, abinda aka rubuta kawai zoben almas, wato daimon, iyar 18 da kuɗi, ba nauyin dutse ba kala ba lambar kati. Da ta koma shagon canji kawai suka yarda su yi mata, kuɗi basu dawo ba. Ranar na kwana da ɓacin rai, dan nasan yanda ta tara kuɗin nan.

Dubawar ba wuya gare ta ba. Kowace takardar GIA ko IGI ko HRD tana da lamba, ki buɗe shafinsu a wayarki ki sa lambar, kuma da hannunki zaki rubuta adireshin shafin, kar ki dogara da lambar QR da ke jikin takardar ko link ɗin da aka turo miki, dan mai iya buga takardar jabu zai iya buɗe shafin jabu da zai ce miki komai daidai. Abinda ya fito ki gwada shi da na hannunki layi layi, kwanan wata, nauyi, awo, kala, tsafta. Wannan ya nuna takardar ta gaske ce, saura ki haɗa ta da dutsen. Yawancin duwatsu masu takarda an rubuta lambar da leza a ƙugunsu, wato siririn gefen nan da ya zagaye dutsen, rubutun ƙanƙani ne ido baya gani, ki ce a baki adasa ko a sa a na'urar da ke nunawa a allo ki karanta lambar da kanki, in farcen zobe ya rufe wurin a juya ko a cire. Amma ko nan kar ki tsaya, dan labs ɗin da kansu sun sha sanar da cewa an kawo musu daimon ɗin lab da aka yanka shi ya yi kusan daidai da awon wani na ƙasa mai takarda, aka zana masa lambar wancan a ƙugu, lamba ta gaske takarda ta gaske dutse na daban. Shi yasa awo ke da amfani, takarda tana faɗin faɗi da zurfin dutse da milimita har gida biyu bayan ɗigo, kowane shagon kirki yana da ma'aunin, zagayayyen dutse mai karat ɗaya da yanka mai kyau faɗinsa wajen milimita 6.4 zuwa 6.5 ne. Sai zanen da ke cikin cikakkiyar takardar GIA, hoton dutsen ta sama da ta ƙasa da alamu, ja na abinda ke ciki kore na abinda ke fatar waje. Tabon nan su ne askar fuskar dutsen, yanda iyayenmu ke duban zanen mutum su san daga ina ya fito, lamba ana iya zana wa kowane dutse amma ba mai iya shiga cikinsa ya dasa tabo a daidai inda takarda ta nuna. In zane ya ce akwai ɗigo a gefen hagu kika duba babu, ko babu a zane kika ganshi a dutse, toh a dakata. Ƙananan duwatsu GIA kan basu gajeriyar takarda mara zane da suke kira Dossier, ita lambar ƙugu da awo ne madogararta.

Sai maganar alƙalamin nan da masu shago ke ɗorawa kan dutse ya yi ƙara fitila ta haska su ce kin gani asli ne. Abin nan yanda dutse ke ɗaukar zafi yake aunawa, yana raba daimon da zirkon da gilashi, iyakarsa kenan. Moissanite, wani dutse mai kama da daimon amma ba shi bane, yana sa alƙalamin irin na da ya yi ƙara, daimon ɗin lab kuwa dole ya yi ƙara dan shi ma daimon ne, sinadarinsu ɗaya taurinsu ɗaya, bambancin shine wancan ƙasa ta yi shi wannan inji ya yi shi cikin makonni, ta hanyar matsi da zafi da ake kira HPHT ko ta hanyar gas da ake kira CVD. Ni da adasata a warsha bazan rantse miki a kan wannan ba, na'urar lab ce ke rabawa. Takardar gaskiya zata rubuta Laboratory Grown ƙarara, ta IGI ma lambar da LG take farawa kuma akan zana a ƙugu. Kuɗinsa ya faɗi warwas a 'yan shekarun nan, De Beers, babban kamfanin daimon na ƙasa, da kansu sun buɗe kamfanin Lightbox a 2018 suna sayar da karat dala 800, zuwa 2025 suka sanar zasu rufe shi dan farashin ya ci gaba da zubewa, GIA kuma a 2025 ta daina ba daimon ɗin lab haruffan kala da tsafta irin na ƙasa, ta koma cewa premium ko standard kawai. Ni ban ga aibin sayensa ba, yana da kyau yana ƙyalli amarya zata sa ta fita kunya, kuma kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. Abinda ban yarda da shi ba a sayar miki da shi a kuɗin na ƙasa, ko a ce miki kadara ce.

Maganar kadara ma bari in tsaya a kanta dan nan ne tunanin gwal ke cutar mutanenmu. Takardar lab bata faɗin kuɗi, GIA da kanta tana rubutawa a jiki cewa wannan ba garanti bane kuma ba ƙiyasin farashi bane. In kika ga takarda da aka rubuta darajar dala kaza ko riyal kaza, wannan wata aba ce daban, ƙiyasi ne, sau da yawa ana kumbura shi dan mai shago ya ce kin gani rabin kuɗinsa na baki. Ranar da buƙata ta taso kika kai sarƙar gwal shago a take za a auna a baki kuɗin ranar, masana'iyya kawai kika rasa. Saitin daimon kuwa gwal ɗin jikinsa mai iyar 18 zasu auna su cire nauyin duwatsu, ƙananan duwatsun nan da suka sa saitin ya yi tsada kusan ba a sa musu komai, babban dutse mai takardar kirki shi ake tayawa shi ma ƙasa da yanda kika saya sosai, ga harajin kashi 15 da ake biya a nan tun Yulin 2020 wanda mai sayen tsohon kaya ba zai lissafa miki ba. Mai son ajiya ta sayi gwal ɗinta mai 21 kamar yanda ta saba.

Akwai kuma abubuwan da suke cikin takardar amma ba mai karanta wa kwastoma. Yanka shine ke kawo ƙyalli, GIA tun 2006 take ba zagayayyen dutse maki daga Excellent zuwa Poor, sauran siffofi kamar mai ƙwai ko mai kusurwa huɗu babu wannan makin a takardarta sai ki yi aiki da idonki. Na fi son H mai yanka Excellent a kan E mai yanka Fair, a hannu na farkon ne zai yi walƙiya. Akwai layin fluorescence, wato shuɗin haske da wasu duwatsun ke yi a ƙarƙashin fitilar UV, yawanci baya cutarwa amma mai ƙarfi sosai wani lokacin yana sa dutse ya yi hazo-hazo kuma yana rage kuɗi, toh in an rubuta Strong ragin naki ne ba na mai shago ba. Ki karanta wurin comments a ƙasa, nan ake rubuta in an huda dutsen da leza an ƙone tabo ko an gyara kalarsa da zafi. Wanda aka cike tsaginsa da wani abu mai kama da gilashi GIA bata ma bashi maki, kuma mu a warsha shi muke tsoro dan wutar gyara na iya lalata cikon tsagin ya fito fili mai kaya ta ce mu muka fasa. Ki duba kwanan wata, takarda tana bayanin dutse ne ranar da aka duba shi, in ta shekara goma ko fiye dutsen yana yawo a hannun mutane zai iya ɓantarewa a gefe. Sannan ki fita da shi daga ƙarƙashin fitilun shago, an jera su ne dan komai ya yi walwali, ki je bakin ƙofa ki ganshi a hasken rana.

Saitin lefe mai ƙananan duwatsu barkatai shi ba a yi wa kowane dutse takarda, kati ɗaya ne na saitin gaba ɗaya, zaki ga an rubuta G-H da VS-SI da jimillar nauyi, dan a jikin ƙarfe aka duba ba a cire ba. Ba laifi bane in daga sanannen lab ne, amma ki sani tsakanin VS da SI tazara ce mai faɗi, kuma jimillar karat 3 na 'yan ƙanana ko kusa bata kai kuɗin dutse ɗaya mai karat 3 ba. In wani ya ce miki kayansa na da shahadar Kimberley, wannan tsarin da aka fara a 2003 na ɗanyen daimon ne da ake fitarwa tsakanin ƙasashe dan hana cinikin na wuraren yaƙi, bashi da abin faɗa a kan kala ko tsaftar zobenki.

'Yan uwana dillalai maza da mata masu saro kaya daga Balad ko Utaibiyya ko Dubai kuna kaiwa gida, ku ma maganar ta shafe ku, dan ku ne kuke tura hoto a WhatsApp ku ce original ne da satifiket, ita kuma mai saye a Kano ko Kaduna bata da adasa bata da sikelin karat, ku ta yarda da ku. In baku duba ba kar ku ce kun tabbatar, hadisin wanda ya yi mana algus baya cikinmu kowa ya haddace shi. Mai saye daga nesa ita ma kar ta yi cinikin biri a sama, kafin ta tura ko sisi a turo mata hoton takardar gaba ɗaya lambar na fitowa sarai ta duba a shafin lab da kanta, da bidiyon lambar ƙugu, da bidiyon dutsen a kan sikeli.

A shago kuma kafin ki biya ki sa a rubuta komai a fatura, nauyin gwal daban da iyarsa, nauyin dutse da karat, kala, tsafta, sunan lab da lambar takarda, da kalmar da ta fi duka muhimmanci, na ƙasa ne ko na lab, ɗabi'i ko sina'i kamar yanda suke cewa. Ki nemi a rubuta sharaɗin mayarwa, kwana nawa kuma kuɗi za a dawo ko canji, dan ki samu damar kai shi wani wuri da bashi da alaƙa da shagon a duba miki. Ƙasar nan tana da dokar ƙarafa masu daraja da duwatsu kuma Ma'aikatar Kasuwanci ke kula da shagunan, ana kiran 1900 ko a shigar da ƙorafi ta manhajar Balagh Tijari, amma abinda ke rubuce a fatura shi zasu riƙe, abinda aka faɗa miki da baki ba mai shaida. Masu Umara ku yi sayayyar nan da sauran kwanaki a hannu, kar ku bari sai daren da mota zata kwashe ku zuwa filin jirgi, dan in matsala ta fito kina Kano zai yi wuya ki samu mai bi miki ita a nan.